Tankin da Na Ƙwanƙwasa

Ni maginiya ce. Tun kafin a share dajin da ya zama Abuja nake ginin tukwane a Orozo. A hannun uwata na koya, ita kuma a hannun tata uwar. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Amma ka kawo mini randa in ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa sau biyu, zan faɗa maka ko za ta riƙe ruwa har jikokinka su sha, ko kuwa za ta jiƙe maka ɗaki kafin sati. Randa mai lafiya, amonta yana tashi ya zaga ya dawo. Mai tsaga kuwa, ko tsagar ba ta kai silin gashi ba, amon faɗuwa yake nan take, kamar an dafe mata baki. Matan unguwarmu har tukunyar wata maginiyar suke sayowa a kasuwar Karshi su kawo mini in ji musu. In na ce da kyau, magana ta ƙare. Ba ni da shago, ba ni da mota. Abin da na mallaka shi ne, in na faɗa an yarda.

Ina da ƙawa tun muna 'yan mata, tare muke zuwa haƙar yumɓu bayan dutse. Da ta haifi ɗanta na fari ta kwanta ciwo wata huɗu, a bayana yaron ya yi wayo. Ɗana nake ce masa, shi kuma Mama. Ya girma ya shiga gari, ya fara da sayar da fetur a galan a bakin titi, Allah ya buɗa masa. Wata shekara ya dawo ya sayi filin da ke tsakanin gidajenmu da titi, ya ce gidan mai zai gina.

Mata suka ce ba su yarda ba. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, don rijiyarta tana jikin katangar filin, kuma rabin unguwa a nan muke ɗiba. Ruwanta garai-garai, ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa. Ta ce ta ga yadda tankin ƙarfe yake ruɓewa a cikin ƙasa, ba za a binne mata guba a gindin rijiya ba. Suka shirya za su tafi wajen mai unguwa gaba ɗayansu.

Kwana biyu kafin su tafi, sai ga ɗana a tsakar gidana, ya durƙusa har gwiwarsa a ƙasa, ina cikin murza yumɓu.

Ya ce, "Mama, matan nan za su kashe ni. Tankina ba ƙarfe ba ne, fiba ne, wata irin roba mai tauri, ba ya tsatsa. Na yi bayani na gaji. Takardar kamfani ma na nuna musu, sun ce su ba su san takarda ba. Ki zo ki ji shi da kunnenki. In kin ce ba kyau, wallahi a ranar zan mayar."

Na ce, "Ni yumɓu na sani."

Ya ce, "Abin da duk yake riƙe ruwa ai ke ce uwarsa."

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na sami tankin kwance a kan tsofaffin tayoyi, sabo fil, yana ƙyalli, da haƙarƙari a jere tun daga kai har gindi kamar na ramammiyar saniya. Mata sun kewaye shi daga nesa. Ban yi gaggawa ba. Sai da na yi ta ƙwanƙwasa wuri ɗaya har na koyi muryarsa, don a kan haƙarƙari amo daban ne, a tsakaninsu daban. Da na gane, na bi shi tsakani bayan tsakani, ta dama, ta hagu, na sa aka mirgina mini shi na ji cikinsa ta ƙasa. Na auna tsawonsa da ƙafata, taku goma sha biyu. Tun hantsi nake har aka kira azahar. Ko'ina amo ɗaya, cikakke, babu inda ya faɗi.

Na juya na ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Mama, kin ɗauka a wuyanki?"

Na ce, "Na ɗauka."

Shi ke nan, ba wadda ta je wajen mai unguwa. Ɗana ya buɗe mini gaban motarsa ya kai ni gida, gidan da ko akuya ta ɓalle daga filin da tsalle uku take isa. Sai da ya zaga da ni ta bakin titi kowa ya gan ni. Washegari aka kewaye filin da kwano. Ranar kasuwar Karshi, muna can da kayanmu, aka binne tankin aka zuba kankare. Da muka dawo sai murfi kawai muka gani a ƙasa.

Damina takwas muka yi lafiya. A ta tara, wata safiya Maman 'Yan Biyu ta shigo da kofi a hannu, ko gaisuwa ba ta gama ba ta miƙo mini. "Mama, sansana."

Na sansana. A saman ruwan akwai wani maiƙo mai launi-launi yana yawo. Na ce ƙila janareton masu walda ne yake zuba, ko bakaniken bayan layi da ke wanke hannu a kwata. Na ce, "Tankin nan ni na ji shi." Ta karɓi kofinta ta fita. Cikin wata guda, kunun da aka dama da ruwan ba mai iya haɗiya. Aka kai ƙara wani ofishin gwamnati a cikin gari, aka zo aka ɗaure igiya a bakin gidan man, aka ce za a duba tankin.

Wadda aka turo injiniya ce, yarinya ƙarama a idona, Bakanuwa, da hular kwano a kan hijabi da manyan takalma kamar na soja. Maza huɗu ne a ƙarƙashinta, ba mai yi mata musu. Na ɗauki kujerata ta tsuguno na je na zauna a bayan igiyar. Mata suna tsammanin kallo ya kai ni. Ni kuwa jira nake a fito a ce tankin lafiya yake, in tashi in kakkaɓe zanena a gabansu.

Ashe duba tanki ba aikin yini ɗaya ba ne. Ranar farko zuƙe man da ya rage suka yi, suka wanke ciki, suka kwashe baƙar laka a durom. Rana ta biyu suka ɗora wata babbar fanka a bakin murfin tana hura iska tun safe. Kowane lokaci injiniyar takan zura wata 'yar na'ura a igiya ta sansano tururin mai, in ta yi tsuwa sai ta girgiza kai ta ce ba mai shiga. Ta karɓe ashana da wayar kowa a bakin igiya. Wani mai acaba ya matso da sigari a baki, ta ce masa, "Malam, in lahira kake sauri, ga titi can, kada ka tafi da mu." Mata suka yi ta dariya, ni ma na yi.

Rana ta uku na'urar ta yi shiru. Aka ɗaura wa babban ma'aikacinta ɗamara a ƙirji da igiya a baya, aka rufe masa fuska da abin shaƙar iska, aka zura shi ta murfin kamar guga. Biyu suka riƙe igiyar ba sa ɗaga ido. Yana ciki yana kiran lamba, ita tana durƙushe a baki tana rubutawa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu me na cikin tankin yake aunawa. Ya ce faɗin tankin, daga sama zuwa ƙasa da kuma daga gefe zuwa gefe, a wuri-wuri, don a ga ko nauyin ƙasa ya lotsa shi. Na ce a raina, haka ɗanyar randa take yi in an jingina ta kafin ta bushe. Daga nan ya haska fitila yana neman tsaga da bororo a bango. Daga nan kuma sai na ji abin da ban zata ba.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Da 'yar guduma yake bin bangon. Duk karatunsu da na'urorinsu, a ƙarshe ƙwanƙwasawa suke yi kamar ni. Na miƙe zaune. Amon yana fitowa ta murfin a hankali, yana tafiya, yana tafiya, sai na ji ya faɗi. Mutumin bai tsaya ba, ya wuce gaba.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Ku ce masa ya koma baya kaɗan!"

Injiniyar ta waiwayo. "Iya, me kika ce?"

"Ya wuce wuri. Ya koma baya kamar kamu biyu, ta ƙasa."

Ta dube ni, ta dubi ramin, ta faɗa masa da Turanci. Ya koma. Bub. Bub. Kamar ana dukan jiƙaƙƙen buhu. Muka ji muryarsa daga ciki, "Madam, akwai abu a nan."

Ta taso da kanta ta ɗaga mini igiyar, ta cire hularta ta kifa mini a kan ɗankwali, ta zaunar da ni nesa kaɗan da bakin. "Iya, saurara mana." Na saurara. Wuri huɗu amon ya mutu, ɗaya a ciki ya kai faɗin faifai. Duk wanda na nuna, sai mutumin ya zana masa alli.

Mata suna kallo. Da a ce wata rana ce, da kaina ya fi hular nan girma. Amma ba yau ba. Tankin da na ce lafiyarsa ƙalau ke nan. Ina zaune ina tona kaina da kunnena.

Ɗana yana tsaye a inuwar ofishinsa cikin farar shadda. Da ya ga an fito da mutumin ana nuna wa injiniya hotuna, sai ya matso yana murmushi, ya ɗaga murya yadda na bayan igiya za su ji.

"Madam, ni fa ban yi ganganci ba. Kafin in binne shi sai da na kira tsohuwar nan ta duba, ga mutane nan shaida. Ita ta ce lafiyarsa ƙalau. Ko ba haka ba, Mama?"

Tsohuwar nan. Ban taɓa jin wannan a bakinsa ba sai ranar.

Na ce, "Haka ne."

Injiniyar ba ta ko kalle shi ba. Ta tsuguna kusa da ni ta juyo mini hoton. "Iya, kin ga wannan mai duhu-duhu? Faci ne, an manna shi ta ciki, kuma ya tsufa. Shi ne ya saki. Lokacin da kika duba, kin ji faci?"

Na ce, "'Yata, faci ko a ƙwarya ne ina jin sa daga ɗaki. Wanda na ƙwanƙwasa ko ƙwarzane babu."

Ta ƙara duba hoton. Ta ce, "Yaya girmansa?"

"Taku goma sha biyu."

Tun da safe ma'aikatanta sun zana alli a kan kankaren, layi ɗaya inda kan tankin yake, ɗaya inda gindinsa ya tsaya. Ta kama hannuna ta kai ni layin farko. Na gyara zane na taka, ina ƙirgawa a fili, mata suna taya ni. A tara ƙafata ta sauka a kan layi na biyu. Ga shi kuma yanzu takuna ya gajarta, gwiwa ta ƙi. Ya kamata ya fi sha biyu, ba ya kasa ba.

Na ce, "Wannan ba shi ba ne."

Ɗana ya yi dariya. "Haba Mama, shekara nawa? Tsufa ne. Kin manta."

Injiniyar ta miƙe ta buɗe takardunta. "Oga, ita ba ta manta ba. Tsawon da ke cikin takardar da ka kai ofis ya fi wanda muka auna yau. Wannan tankin ya yi aiki a wani wuri, aka tono shi, aka yi masa faci aka kawo nan. Ga tsofaffin bakunan bututu nan an toshe su, ga inda sandar awon mai ta cinye ƙasansa tun kafin ya zo hannunka. Ina sabon da aka nuna wa mutane?"

Ya shafa aljihu yana neman wayar da aka karɓe, ya juya ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Na cire hular na miƙa mata. Na nufi wajen mata ina jin kamar an sauke mini dutse, don ai kowa ya gani, kunnena bai yi ƙarya ba. Maman 'Yan Biyu tana tsaye da hannu a ƙugu.

Na ce, "Kin ji ko? Musanya shi aka yi."

Ta ce, "Na ji, Mama. Da ba ki yi magana ba, da mun je wajen mai unguwa, da mun tsaya a kan ramin har a rufe. Ke kika ce mu koma gida."

Injiniyar ta ce kada a ƙara shan ruwan rijiyar, ko wanki kada a yi da shi. Kafin sati aka ɗora mata murfin kankare.

Na ɗauki ɓacin raina na kai wa ƙawata, don wa zan kai wa in ba ita ba? A zatona ita ma kuka za ta yi, ɗan da ta haifa ya yi wa uwar goyonsa haka. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na zayyana mata komai, tun daga guduma har taku tara. Hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "To yanzu sun rufe masa wuri, hankalin kowa ya kwanta."

Na ce, "Ba ki ji abin da na ce ba? Sabon tanki ya nuna mini, ya binne tsoho."

"Sabon ai aro ne. Na wani abokinsa ne da ke gini a cikin gari, kwana uku aka ba shi."

Na dube ta. "Kin sani?"

"Yaro yana neman tsayawa da ƙafarsa, ƙarfinsa bai kai sabo ba. Mai facin ya rantse masa zai yi shekara ashirin. Ni na ce masa ya kira ki. Wa matan nan za su yarda da shi in ba ke ba?" Ta turo mini kwanon gyaɗar. "Ke ba ɗanki ba ne? Me kika rasa? Ƙwanƙwasawa kawai kika yi."

Shekara hamsin da wani abu muna tare da matar nan. Na ga haihuwarta, ta ga tawa, tare muka yi wa mazajenmu zaman makoki. Ta zauna da ɗanta sun duba duk abin da nake da shi, suka ga wanda zai yi musu amfani, suka ɗauka ba su tambaye ni ba. Na tashi. Ta ce in tsaya in sha ruwa. Ban waiwaya ba, kuma ban sake taka gidan ba.

Da aka rufe rijiyar, unguwa ta koma sayen ruwa a wajen 'yan ga-ruwa, kowace mace tana neman babbar randar da za ta tara. Ban taɓa yin gini kamar na wannan rani ba. Wata safiya na kwashe randuna daga wuta, na yayyafa musu makuba, na jera su suna hucewa, ko tantance su ban yi ba, sai ga Maman 'Yan Biyu. Rabonta da gidana tun ranar kofi. Ta gaishe ni a tsaye. Na tashi zan zaɓar mata kamar yadda na saba, ta ce, "Zauna abinki, Mama."

Ta sunkuya ta fara ƙwanƙwasa su da kanta, ɗaya bayan ɗaya, a tsakar gidana, a gabana. Ba ta ma iya ba, da tafin hannu take bugu kamar mai neman kankana. Ta tsaya a kan wata babba mai jan wuya, ta fi duka kyau a ido. Tun bugun farko na ji ta.

Na ce, "Ajiye wannan. Akwai tsaga a gindinta."

Ta ƙara bugawa, ta kara kunne. "Ni lafiya na ji ta."

"Ba za ta kwana uku da ruwa ba. Ɗauki ta kusa da ita."

Ta dube ni, ba faɗa a fuskarta, ba raini. Kallon da ake yi wa mai talla ne idan yana yabon kayansa. Ta ce, "Wannan nake so." Ta sallame ni, ta durƙusa ta ɗora randar a kafaɗa ta fita.

Na zaɓi mai lafiyar na mirgina ta bakin ƙofa, na kife ta don kada kaji su shiga. Na ce a raina in ta ga ɗakinta ya jiƙe za ta dawo, in miƙa mata ba tare da na ce uffan ba. Kwana uku suka wuce, sati ya wuce. Daga baya na hango wata baƙar robar ruwa a ƙofar ɗakinta, irin ta kasuwar Nyanya. Fasasshiyar randar kuwa ta zuba mata ƙasa ta shuka barkono a ciki, a daidai inda nake wucewa in zan fita titi.